Jirgi ba ya kauce wa mota

Na shekara goma sha huɗu ina zanen tituna kafin na taɓa zama teburi ɗaya da injiniyan reluwe. Mu 'yan titi akwai mu da jin kai. Dutse ya tare mu, mu kewaye shi. Tudu ya tare mu, mu haye. Da wannan tunanin na shiga taron farko a kan wata hanya da muke faɗaɗawa, wadda wani sabon layin dogo zai ratsa. Na shimfiɗa zanena, na nuna wa dattijon da ke wakiltar ɓangaren jirgi inda nake so ya ɗan matsar da layinsa, mita arba'in kacal, don ya bar min kwanata. Ya cire gilashi ya dube ni.

"Injiniya," in ji shi, "mita arba'in ɗin nan naka, a wurina gyaran kilomita biyu ne."

A ranar na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffin ma'aikata. Sai da na koma ofis na buga lissafi na ga ni ne ban san dawan garin ba. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da kamu irin na roba a kan kwalta. Jirgin kaya ya fi son hawan da bai wuce mita ɗaya a kowace mita ɗari ba, alhali titi yana hawa huɗu ko biyar ba tare da direban tirela ya tsine wa kowa ba. A ce ana son ɗaga hanya mita bakwai don wata ta bi ƙarƙashi. Titi mai hawan huɗu cikin ɗari zai gama cikin mita 175. Jirgi kuwa sai ya ci mita 700, sannan ya ci wasu 700 wajen sauka, duk a kan cikon ƙasa da tifa za ta yi ta jigila. Haka kwana: tasa sai ta yi faɗi sosai, ba ta shan lanƙwasa irin tamu. Shi ya sa aka fi ganin titi ne ke hawa kan jirgi.

Mai karatu zai ce, to a bar su su haɗu a ƙasa mana, a sa ƙofa da mai tuta kamar da. Haka tsohon layi yake tun da jirgi ya iso Kano a 1911, har ma a Makurɗi gadar da aka buɗe a kan Binuwai a 1932 ta jirgi da mota ce a haɗe. Amma motocin lokacin nawa ne? Jirgi mai nauyi yana iya cin fiye da kilomita guda bayan an taka birki. Waɗanda ke Legas ba su manta da safiyar 9 ga Maris 2023 ba, da jirgi ya ja motar bas ta ma'aikata a mahaɗar da ke kusa da Ikeja, aka rasa rayuka. Gadojin saman da aka gina a Yaba, Oyingbo, Mushin da Ikeja saboda layin jirgin cikin gari duk don a raba hanyoyin biyu ne, kuma gini a tsakiyar kasuwa da gidajen mutane ba wasa ba ne. Mu a nan har yanzu muna da fili. Layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, duk a 2021 aka ƙaddamar da aikinsu, kuma yawancin inda suke bi gonaki ne. Yau gona, shekara ashirin nan gaba unguwa.

Matsalar da na fi gani ba ta ilimi ba ce. Layin dogo yana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, manyan tituna suna ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka, ga na jiha, ga na ƙaramar hukuma, kowa da kasafinsa da ɗan kwangilarsa da safiyonsa. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da ikon shimfiɗa nasu layin, wato masu riƙe da alƙalami sun ƙaru. In mai zanen gadar jirgi ya auna titi yadda ya same shi, hannu ɗaya, ya kafa ginshiƙansa daf da kwalta, ranar da aka zo mayar da titin tagwaye sai a tarar da kankare a tsaye a inda hannu na biyu zai bi. Gadar jirgi kuma ba a rushe ta da sauƙi, don rufe layi na nufin tsayar da sufuri gaba ɗaya.

Ni ma ina da nawa laifin. A wani aikin, inda titi ne ya bi ƙarƙashin gadar jirgi, na sauke kwaltar don a samu rata fiye da mita biyar, na yi ta murna da lissafina. Ban bi diddigin inda ruwan zai fita ba, na dogara da cewa lambatun 'yan reluwe zai ɗauke shi, su kuma sun zana nasu ne don ruwan layinsu kaɗai. Ruwan Agusta na farko ya mayar da wurin kududdufi, yara har iyo suka yi. Sai da aka sake fasa titin aka ja magudana mai nisa zuwa rafi. Har yau in an ambaci wurin a ofis, ina neman abin karantawa.

Darasin da ya fi zauna min kuwa daga bakin wani dagaci ya fito. Mun je yi masa bayanin gadar sama, da hotuna da komai. Ya saurara har muka gama.

"Sannunku da ƙoƙari. To shanu fa? Su ma gadar za su hau?"

"Ranka ya daɗe, akwai kwalbati a gaba kaɗan," na ce.

"Na ruwa ne ko na mutane?"

Na yi shiru, don na ruwa ne. Burtalin da garken rugage uku ke bi zuwa mashaya yana nan tun kafin a haife ni, amma ba ya cikin taswirar kowa, ba tamu ba, ba ta reluwe ba. Cikon layin dogo katanga ce mai tsawon kilomitoci. In ba a bar ƙofa ba, jama'a za su yi wa kansu, su farke waya su haye da babura da amalanke. A ƙarshe ni da dattijon nan na reluwe muka haɗa takarda ɗaya, sa hannu biyu, aka faɗaɗa kwalbatin ya zama mashigar da amalanken shanu ɗauke da kara zai wuce. Ya kuma yarda aka tsawaita gadar titin don a bar wa layi na biyu wuri, duk da babu wanda ya san yaushe za a shimfiɗa shi.

Shi ne ya koya min wata ɗabi'a da ta zame min jaraba. Ya ce duk sanda aka sake zuba kwalta a kan tsohuwa ba a kankare ta ba, titi yana tashi 'yan santimita, gada kuwa tana nan inda take. Tun daga nan ba na iya wuce ƙarƙashin gadar jirgi ban ɗaga kai ba. Makon jiya ina bayan wata tirela da aka yi wa lodin buhunan gawayi har ya yi toroƙo, muka doshi wata gada. Na rage gudu, na bar masa rata. Ya shige, amma buhu biyu na sama sun tsaya a jikin gadar, yaron mota ya sauko yana tsintar gawayi a tsakiyar titi.