Yadda Na So In Mayar Da Tankin Gidanmu Batir

Sana'ata haɗa sola, kuma babu abin da ke haɗa ni rigima da masu ba ni aiki kamar batir. Zafin Kano na watan Afrilu ba ya barin sa ya yi tsawon rai. Shi ya sa da na ji wasu ƙasashe na ajiye lantarki a jikin ruwa, sai abin ya tsaya mini a rai. Tafki biyu ake yi, ɗaya a kan tudu, ɗaya a gindinsa. In wuta ta yi yawa a tura ruwan sama da famfo, in ana nemanta a sako shi ya juya inji. A manyan tashoshi, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wutar da aka zuba kan dawo.

A gidanmu na Gwammaja muna da tanki mai cin lita 2,000 a kan ƙarfe mai tsawon mita 10. Na sayo ƙaramin inji mai farfela, na ɗaura a bakin bututu, na jona kwan fitila. Ya kama, har yara suka yi ihu. Amma tankin ya ƙare tun ban gama murna ba, ga rabin ruwan ya malale tsakar gida. Hajiyarmu ta leƙo ta ce, "Kai za ka biya 'yan garuwa gobe."

Da daddare na yi lissafin da ya kamata in fara da shi. Ruwan nan duka, daga wannan tsawon, ƙarfinsa bai wuce wat 54 na awa ɗaya ba, tun kafin a cire asara. Batir guda mai amfiya 200 da bolt 12 yana riƙe wajen wat 2,400 na awa ɗaya. Wato sai na jera tanki sama da arba'in kafin in kamo batir ɗaya.

Na kai wa kawuna labari, tsohon ma'aikacin ruwa ne. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, kai ruwa kake kallo, alhali tsawo ne jarin. Hau Dala ka duba."

Na hau. Daga can garin yake kamar an shimfiɗa tabarma, sai Goron Dutse da ya ɗan ɗago kai. Dalar kanta ba ta ɗara unguwannin da ke gindinta da mita ɗari ba, samanta ba fili, gidaje sun kewaye ta ta ko'ina. Kuma wa zai yarda a fafe dutsen Barbushe a yi tafki? Tashar ajiye lantarki ta Dinorwig a Birtaniya, wadda aka buɗe a 1984, ruwanta na faɗowa daga kusan mita 500. Ingula ta Afirka ta Kudu, mai megawat 1,332, a tsaunukan Drakensberg take.

Ruwa kam muna da shi: dam ɗin Tiga tun 1974, na Challawa tun 1992. Sai dai ba ruwa kaɗai ake nema ba, dole a samu dogon tudu dab da shi, don in bututu ya yi nisa kuɗi ya ƙaru, ƙarfin ruwan kuma ya zube a hanya. Ga iskar hunturu da ranar bazara na shanye tafki, ga manoman Kadawa da mutanen Haɗeja da Nguru na jiran wannan ruwan. A ganina, duk mai son yin wannan aiki da gaske, duwatsun Riruwai a Doguwa zai fara aunawa, ko ya wuce tsaunukan Jos, sannan ya yi tunanin kuɗin jawo waya zuwa birni.

Yanzu in na je aiki, ɗakin batir nake fara dubawa, in babu taga in sa a fasa. Injin mai farfela yana nan a shago, yaran da nake koya wa aiki suna wasa da shi.