Kunun zakin Goggo da ɓuntun shinkafa

Goggona ta haura shekara ashirin tana kunun zaki na sayarwa nan Birnin Kebbi, da shi ta aurar da ɗiyanta mata biyu, amma azumin bana saura kaɗan ta aje wagga sana'a, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Aikin kwana biyu ne fa. Ta jiƙa gero tiya uku, a kai inji a markaɗo da citta da kanumfari da busasshen dankali, ta raba ƙullun biyu ta sheƙa ma rabi tafasasshen ruwa, in ya sha iska ta zuba ɗanyen da ɗan tsiron dawa ta rufe ya kwana. Tsiron nan shi ka juya garin ya yi zaƙi da kanshi, shi ya sa ba ta cika suga ba. Na taɓa karanta cewa masu ƙananan gidajen giya a Amurka da tsiron sha'ir suke aiki kuma dusar da ta rage sukan ba manoma su kai ma shanu, mu dai giya ba abin shanmu ba ce, amma dusar Goggo tun ina yaro awaki da kajinta ke cinyewa, ruwan wankin geron ma akuya ke sha.

To ina matsalar? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin markaɗe ya tashi, gero ya tashi don manoma da yawa wajen Zamfara ba su iya zuwa gona saboda ɓarayin daji, ga kuɗin ƙanƙarar sanyaya kunu, don watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 kuma kunu in bai samu sanyi ba kamin la'asar ya yi tsami sai zubarwa. Wuta kuwa ba ta zama balle firij ya yi aiki. Ga robobi da yara ke tsinto mata wajen biki ta wanke da ruwan zafi da omo, shi ma wani itacen ne.

Itace shi ya fi cinye ribar. Kullum masu kawowa cewa suke dajin ya yi nisa, gaskiyarsu ne, duk mai bin hanyar Argungu ya san yadda itatuwa suka ragu.

Wata maƙwabciya ta nuna mata murhun ɓuntu, gwangwanin fenti babba a dandaƙe ɓuntun shinkafa ciki a bar rami tsakiya, yana ci a hankali har tukunya ta tafasa. Mu da injinan casar shinkafa suka cika gari ɓuntu tuli guda ana ƙone shi banza! Ranar da na kai mata buhu biyu a mashin ta ce "ɗan nan Allah shi yi maka albarka, da na sani tun bara." Hayaƙin farkon kunnawa na damun idonta, yanzu ina neman maƙerin da zai yi mata na ƙarfe mai bututu kamin wani azumin.