Bilicin da sha-ka-fashe: maganin asibiti muke shafawa, shi muke haɗiya

Fuskar da kike gani a TikTok ko a fim mai dogon zango, tana sheƙi babu tabo ko ɗaya, ba fatar mai ita kaɗai kike kallo ba. Akwai fitilar zobe a gabanta, akwai hoda hawa-hawa, akwai filta, sannan akwai mai tace hoto da ya zauna ya gyara launi. Wannan sana'a ce, ba laifi ba ne. Matsalar tana farawa ne lokacin da mai tallan "haɗin amarya" ta ɗora wannan hoton ta ce cikin kwana 7 za ki koma haka. Fatar mutum tana ɗaukar kusan sati 4 kafin ta sabunta kanta. Duk man da ya haska ki cikin sati guda, akwai magani mai ƙarfi a cikinsa, ko da an rubuta madara da zuma da kurkum a jikin robar.

Mafi yawan lokaci sitiroyid ne. A jikin kwali za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, galibi kashi 0.05 cikin 100. Su ne ke cikin ƙananan tuf ɗin nan masu "aiki uku" da ake saye a kyamis a matse cikin man shafawa. An yi su ne don cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi. Ƙa'idar clobetasol ita ce kada a wuce sati 2 a jere, kada a wuce giram 50 a sati, kuma ba a shafa shi a fuska. Mu kuwa daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara da shekaru.

Hasken da yake kawowa da wuri, jijiyoyin jinin fata yake matsewa su tsuke, sai ta yi fari-fat. Bayan watanni sai fatar ta yi siriri, koren jijiyoyi su bayyana a cinya da damtse, nankarwa mai faɗi ja ko shuɗiya ta tsage a hammata da ƙirji. Irin wannan nankarwar ba ta gogewa, sai dai ta dushe. Garkuwar fata ta yi rauni, sai makero da kyasfi su bazu, ƙuraje su cika fuska, gashi ya fito a haɓa. Ita kuma mai haɗin idan aka koma mata da kuka, cewa take jikinki ne yake fitar da datti, ki ƙara roba ɗaya.

Na biyu shi ne hydroquinone, wanda ke hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi. Likitocin fata suna amfani da shi kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a kan tabo kawai, na 'yan watanni, sannan a dakata. Idan aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana, yana juyewa ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido da bayan wuya, wanda ya fi asalin baƙin wuyar magani nesa ba kusa ba. Man da ke da shi yakan koma ruwan ƙasa idan ya sha iska. Gaɓoɓin yatsu da gwiwa kuwa fatarsu ta fi kauri kuma tana naɗewa, shi ya sa suke tona asiri a hoton lalle.

Na uku zaiba, wadda ake rubutawa mercury ko calomel, idan ma an rubuta. Ƙoda take ci. Alamarta fitsari mai kumfa da kumburin ƙafa da fuska. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana shiga ruwan nono, tana kuma maƙalewa a tawul da zanin gado har ta taɓa wanda bai taɓa shafawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan haska fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne haɗin da ake zubawa a roba marar suna, marar lamba, marar ranar lalacewa, domin ita kanta mai haɗawar ba ta san adadin da ta zuba ba.

To sai sha-ka-fashe, maganin da ake sha don a yi ƙiba. Nan ma sitiroyid ne, sai dai na haɗiya: dexamethasone ko prednisolone, a haɗa da cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa da ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Wasu ana niƙa su a zuba cikin tsumi ko garin kunu a ce na gargajiya ne. Wadda ta sha tana neman ƙugu da mazaunai, amma sitiroyid ba can yake kai kitse ba. Fuska yake kaiwa ta zama zagayayya, da ƙeya ta yi tozo, da ciki. Naman cinya da na mazaunai kuwa cinye shi yake, har tashi daga tabarma ya zama aiki. Wani ɓangare na nauyin ma ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Ga hawan jini, ga ciwon suga, ga rikicewar al'ada, ga yanar ido. Yana kuma iya kashe kan ƙashin cinya inda ya shiga ƙugu, yarinya 'yar shekara 25 ta koma ɗingishi.

Abin da ya kamata kowa ta sani kafin komai: wadda ta sha waɗannan ƙwayoyi fiye da sati 3, kada ta daina rana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin, wanda ke riƙe bugun jini da suga. Idan na waje yana shigowa kullum, sai ta yi kwance ta daina aiki. Dexamethasone ya ninka na jiki ƙarfi kusan sau 25, don haka 'yar ƙwayar nan ta miligiram 0.5 ba ƙaramar aba ba ce. Aka yanke shi kwatsam, jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki: kasala, amai, ciwon ciki, jiri, jini ya faɗi, a suma. Mutuwa ake yi. Sau da yawa a gida sai a ce iska ce ko taifot. Likita ne zai riƙa rage adadin kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni gwargwadon daɗewar da aka yi ana sha. Ki tafi da ragowar ƙwayar ko robar, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin, a auna jininki da suga. Jini 140 bisa 90 ko sama, ko suga 126 kafin karin kumallo, abin bibiya ne.

Mai shafawa ma idan ta tsaya, sati biyu zuwa shida na farko sai ta daure: fuska za ta yi ja, ta yi zafi, ta yi saɓa, launi ya dawo har ya fi na da duhu na wani lokaci. A nan yawanci ake karaya a koma. Likitan fata yakan sauko da mutum zuwa mai sauƙi kamar hydrocortisone kashi 1 cikin 100, sannan a riƙa tsallake kwanaki har a bari. Akwai sashen fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A wannan tsakanin sabulu marar ƙamshi, man kaɗanya ko basilin a jiƙaƙƙiyar fata bayan wanka, da man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama, tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, a sake bayan awa 2 idan ana waje. A ajiye dilka da halawa da goga da soso mai kaushi sai fatar ta warke, domin siririyar fata yagewa take yi. Lemon tsami kuma ƙona ta zai yi.

Mai son ƙiba ta gaskiya, ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 300 zuwa 500 a rana kan abincin da ta saba ya isa, kuma kusan rabin kilo a sati shi ne tafiyar da jiki ke ɗauka. Cikin tafin hannu na gyaɗa, giram 30, yana da kusan 170, ƙwai ɗaya kusan 75. Ƙara kofin kunun gyaɗa da madara ko fura da nono da yamma, lissafi ya cika. Idan ana ci ba a ƙiba, a duba tsutsar ciki, ƙarancin jini, suga da maƙoƙo kafin a zargi abinci. Siffar ƙugu kuwa gado ce da motsa jiki; tsugunnawa da miƙewa sau 15, zagaye uku, kwana uku a sati, ya fi kowace ƙwaya gina wurin.

Mai ciki da wadda za a yi wa tiyata, ko da ta haihuwa ce, ta gaya wa likita tun a awo cewa tana shafawa ko tana sha. Fatar da sitiroyid ya cinye ba ta riƙe ɗinki da kyau, ciwon yakan daɗe bai haɗe ba, kuma likitan da ke sa barci a tiyata yana bukatar sani domin ya tanadi ƙarin maganin da zai riƙe jininta a lokacin aikin.