Maki 14 Cikin 25

Talata, tsakiyar hunturu.

Da hazo gari ya waye yau, ko masallacin ƙarshen layinmu ba a hangowa. Na nemi izini a makaranta na wuce asibiti, ranar ganin likitan ƙirji ce. Na daɗe ina fama da asma, kuma duk zuwa amsata ɗaya ce: "Da sauƙi, Alhamdulillahi." To me zan ce? Ai ba a kwance nake ba.

Muna zaune a benci nas ta miƙo mini wata takarda mai tambaya biyar, wai ACT ake ce mata, ta auna ko asma ta kwanta. Da Turanci take, don haka sai da ta zauna ta fassara wa dattijuwar da ke gefena. Duk tambayoyin a kan sati huɗun da suka wuce ne, kowacce maki 1 zuwa 5.

Ta farko, ko ciwon na hana ni aiki. Na tuna ranar da ƙurar alli ta sa na bar aji ina tari, na ba kaina 3. Ɗaukewar numfashi ma 3. Ta ukun ce ta tsayar da ni: sau nawa ciwon ya tashe ni cikin dare, ko kafin lokacin tashina? Na riƙe biro ina ƙirga da yatsu. Dare biyu, wani satin uku, nakan farka wajen ƙarfe uku ƙirjina na kuka kamar an matsa 'yar kyanwa, in lalubo shuɗiyar inhela a ƙarƙashin filo, in shaƙa, in koma barci. Wallahi ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ciwo ba, ya zame mini kamar tashi shan ruwa. Maki 2. Shuɗiyar kuwa kullum sai na shaƙe ta, nan ma 2. Ta ƙarshe ra'ayina ake nema, ni kuwa na zabga wa kaina 4.

Likita ya haɗa ya ce 14. Daga 20 zuwa 25 ne ciwo ya kwanta, 16 zuwa 19 akwai gyara, 15 zuwa ƙasa kuwa ya fi ƙarfin yadda ake bi da shi. Ya ɗora biro a kan huɗun nan nawa ya yi murmushi. "Malama, da ɗalibarki ce ta ba kanta wannan makin, za ki yarda?"

Sai ya tambaye ni ɗaya inhelar, mai launin ruwan ƙasa, ta safe da dare. Na sunkuyar da kai. Tun damina na ajiye ta, don ba na jin aikinta nan take, ga tsada. Ya ce salbutamol, wato maganin da ke cikin shuɗiyar, buɗe hanyar iska kawai yake yi na 'yan awoyi, kumburin da ke ciki yana nan, kuma wadda na ajiye ɗin ce maganinsa. Ya sa na shaƙa a gabansa, ashe ko riƙe numfashi na daƙiƙa goman ba na yi. Ya ce in riƙa kuskure baki bayan na shaƙa, in dawo bayan sati huɗu mu sake cike takardar.

Da na dawo gida na tarar Umma ta turnuƙe falo da turaren wuta.

"Ya jikin?"

Har na buɗe baki zan ce da sauƙi. Na ce, "Umma, sha huɗu na ci."

Ta ce, "Cikin nawa?" Na gaya mata. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki kaskon ta fitar tsakar gida.