Samarkand: Inda Takarda Ta Sauya Hannu

Jirgin ƙasa mai sauri ya kwaso mu daga Tashkent, cikin awa biyu da ɗoriya sai ga mu a Samarkand, a ƙasar Uzbekistan. Jama'a duk dandalin Registan suka nufa, ni kuwa kufan Afrasiyab na fara zuwa, tsohon birnin da rundunar Jangis Khan ta rushe a 1220.

A gidan tarihin wurin akwai zanen bango na ƙarni na 7, wanda masu aikin hanya suka tono a 1965. Na daɗe a tsaye gabansa. Ga jakadun Sin riƙe da bandiran siliki, ga wasu mutum biyu da gashin tsuntsu a hula, waɗanda masana ke cewa daga Koriya suke. A wani bangon kuma matan fadar Sin ne cikin kwale-kwale. Mutanen Sogdiya, wato tsohon sunan wannan yanki, su ne suka zana, fataken da a zamaninsu suka riƙe cinikin hanyar siliki.

Amma abin da ya fi kama zuciyata yana ƙauyen Konigil, a bayan gari, inda ake yin takarda da hannu. Ruwan rafi ne ke juya wata ƙafa ta katako, ita kuma tana ɗaga taɓare suna kirɓa ɓawon itacen tut, wanda tsutsar siliki ke cin ganyensa. Idan ya yi laushi sai a dama shi a ruwa, a tsamo da rariya, a matse, a shanya. Na shafa takardar na ji kaushi. Sai wani matashi ya ɗauki dutse mai santsi ya yi ta dirzar ta har ta fara sheƙi.

Wannan dirzar ba ƙaramin abu ba ce. Sinawa da burushi suke rubutu, takarda mai shan tawada ta ishe su. Musulmi kuwa alƙalamin kara suke riƙewa, dole a shafa wa takardar sitaci a goge ta, in ba haka ba alƙalami ya sarƙe, tawada ta bazu. Sana'ar ta zo daga gabas, amma sai da aka gyara ta daidai da hannun mai rubutu.

Ana yawan cewa Sinawan da Musulmi suka kama fursuna a yaƙin Talas na 751 ne suka kawo sana'ar Samarkand. Sai dai an samu wasiƙun fataken Sogdiya na wajen shekarar 313 kusa da garin Dunhuang na ƙasar Sin, kuma a takarda aka rubuta su, wato sun san takarda tun kafin wannan yaƙi. Kafin ƙarni na 8 ya ƙare ana yin takarda a Bagadaza, daga nan ta bi ta Masar har Andalus.