Turamen haƙori uku na bayar kafin na yi hankali

Shekaranjiya na tarar da yaron shagona, ɗan ƙanwata, a bayan dilar atamfa ya dafe kunci. Ya daka ƙwayar maganin ciwon kai, ya cusa garin a kogon haƙori, ya toshe da auduga. Na ce ya tashi mu tafi asibiti. Ya ce, "Haba Kawu, a kan haƙori? Ai sai a ce na cika raki kamar mace."

Maganata ce sak, ta shekara 20 da suka wuce.

Nawa ya fara da tsami in na sha ruwan sanyi. Na tauna kanumfari, na kuskure da gishiri. Na je wurin mai magani a bakin tasha, ya turara mini hayaƙi, ya nuna mini wasu fararen abubuwa a kwano ya ce tsutsotsin ne suka fito. Wani ya ce ruwan batir, shi ma na ɗiga, ya saɓule mini dasashi. Ciwon ya lafa, na ce na warke. Ashe jijiyar ce ta mutu, ruɓa na ci ta ƙasa. Ranar da fuskata ta kumbura har ido ya rufe, likita ya ce da na zo tun ramin yana ƙarami, ciko kawai za a yi. Aka cire. Biyu suka bi bayansa. Yau ko tsire da gefe ɗaya nake ci.

Amma a yi mini adalci. A gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa asibiti da ƙafarsa yana lafiya lau. Mahaifinmu asuwaki ne da goro, kuma da haƙoransa ya koma ga Allah, sai dai shi bai san lemon kwalba ba. Sannan wa zai rufe shago yini guda ya bi layi don abin da ba ya ciwo, cefane na jira? Ga jita-jitar cewa wankin haƙori a asibiti na buɗe su. Daga baya na gane dattin da ya daskare ne ya riga ya cinye dasashi, kankarewar tona asiri kawai take yi. Ba ni kaɗai ba ne kuma, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum kusan biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki.

Inda ba ni da bakin magana shi ne batun uwargida. Tana da cikin ɗanmu na uku, dasashinta na jini duk ta sa burushi. Ta ce, "Maigida, a taimaka mini da kuɗin mota in je a duba." Na ce ai ciki ne, in ta haihu zai daina. Gaskiya ciki na sa dasashi kumburi, amma dalilin zuwa ke nan, ni kuwa na mai da shi dalilin zama. Can ƙasan raina kuma ban so wani namiji ya leƙa bakin matata ba, alhali akwai likitoci mata, ban ko tambaya ba. Ita tana son zuwa, ba kuɗi ba izini. Ni ina da duka biyun, girman kai ya zaunar da ni. Giɓin da ke bakinta nawa ne.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, amma ku yaran yanzu ko uku ba za ku karanta ba, kuna can kuna latsa waya. Kuɗin data na wata kuna da shi, na shisha da lemon ƙara kuzari kuna da shi, na ganin likita ne babu.

Ku je a duba ku tun ba ciwo, ko sau ɗaya a shekara. Ni kaina rabona da zuwa tun kafin korona, to amma me ya rage mini? Burushi da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa, safe da dare, na daren ya fi muhimmanci. Asuwaki sunna ne, kada ku bari. Ku rage zaƙi, kada ku kalli shayina. In ka yi aure matarka ta ce bakinta na jini, ba ta kuɗin ka raka ta.

Yaron dai har yau bai je ba, wai ya lafa. Na faɗa masa Litinin ba zan ba shi makullin shago ba sai ya nuna mini katin asibiti.