Ɓacin ran jiya da na yau: yadda halin mutum ke shiga lissafin

A ce an ba mutane manhaja a waya, kowa yana cikawa sau da yawa a rana yana faɗin yadda ransa yake, har tsawon makonni. Data ɗin nan hawa biyu gare shi, na ƙasa lokuta ne, na sama kuma mutanen. Tambayar da aka fi yi ita ce nawa ne daga ɓacin ran ɗazu ke biyo mutum zuwa yanzu, sannan ko hakan ya danganta da wane irin mutum ne. Peter Kuppens da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa matasa masu ciwon damuwa yanayin ransu ya fi maƙalewa, ba ya saurin sauyawa. To haɗuwar hawa biyu kenan, abu na hawan sama yana ƙara ko rage ƙarfin abu na hawan ƙasa.

Inda ake yin kwaɓa shi ne wajen rubuta model ɗin. Mutum zai shiga lme4, wato kayan lissafi na manhajar R da ake yin irin wannan model da shi, ya ninka abin hawan sama da na hawan ƙasa da juna, sai kwamfuta ta fara ƙorafin lissafi ya ƙi zama, kawai sai ya cire sashen da ke ba kowane mutum damar samun nasa ƙarfin tasirin, ya samu p ƙarami, wato lambar da ake ɗauka alamar sakamako ba dace ba ne, yana murna. Ni dai ba na yarda da irin wannan sakamakon. Kana cewa tasirin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma ka hana shi bambanta sai ta hanya ɗaya da kai ka zaɓa, ai dole kuskuren ƙiyasi ya fito ƙarami fiye da gaskiya. Heisig da Schaeffer sun yi takarda guda a kan wannan a 2019, kuma ba su yi sassauci ba, sun ce a bar sashen nan ko da yaushe.

Sai cire matsakaici. Dole a cire wa kowa nasa matsakaicin, in ba haka ba bambancin mutane zai cakuɗe da bambancin lokuta. Amma in abin da ke hasashen shi ne ƙimar baya ta abin da kake aunawa, kuma lokutan ba su da yawa, ƙiyasin na karkata ƙasa, tun 1981 Stephen Nickell ya nuna irin wannan. Shi ya sa DSEM, hanyar nazarin irin wannan data da ta zo a manhajar lissafi ta Mplus 8 a 2017, yake ƙiyasta matsakaicin a cikin model ɗin kansa. Kuma a kula da dare fa, tazarar daga isha zuwa asuba ba ɗaya take da ta azahar zuwa la'asar ba, kuma abin da ke biyo mutum daga ɗazu ya danganta da tsawon tazarar.

Wajen fassara, lambar babban tasiri na nufin tasirin ne lokacin da abin hawan sama yake sifili. In shekaru ne kuma ba ka cire matsakaici ba, to jaririn da aka haifa yau kake ba mu labari. Gara ka zana layuka, na mai ƙasa da mai tsakiya da mai sama a abin hawan sama, ka duba ko akwai mutane na gaske a gefen da layin ya kai. Kuma yawan mutane na sa wa ƙarfin gwajin nan iyaka, mutum 20 ko an bi su shekara guda 20 ɗin dai ne a hawan sama.